Gadon Sankara: Kada Sakamakon "Babu Komai" Ya Yaudare Mu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne ganin yadda gwajin gadon sankara ya fara shiga bakin masu hali a cikinmu. Mace za ta rasa mahaifiyarta da yayarta ta sanadin sankarar mama, sai ta ba da jini a gwada, sakamako ya dawo da cewa ba a ga komai ba, kowa ya yi hamdala. Tambayata ita ce: wane irin gwaji aka yi?

Mai karatu, a jikin kowannenmu akwai wasu ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne gyara DNA idan ta sami lahani. Daga cikinsu akwai BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995, sai MLH1 da MSH2 masu nasaba da sankarar hanji da ta mahaifa. Kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Macen da ta gaji lalataccen BRCA1, haɗarin kamuwarta da sankarar mama kafin ta cika shekara 80 ya kai kusan kashi 70 cikin 100, kuma kowane ɗa nata, namiji ko mace, rabi da rabi ne ya gaje shi.

Lalacewar kuwa iri biyu ce. Ɗauki misalin littattafan malamanmu na da, rubutun hannu marasa ɗinki. Wani lokaci kuskuren na harafi ne ko ɗigo, wani lokaci kuma takarda guda ce ta ɓace ko aka maimaita ta. Tsohon gwaji, mai bin harafi bayan harafi, yana kama na farko, amma na biyu yakan kuɓuce masa, domin kuwa yana karanta kwafin uwa da na uba a haɗe, sai lafiyayyen ya rufe giɓin ɗan'uwansa. A 2002 ne masana a birnin Amstadam suka fito da dabarar MLPA, wadda ke ƙirga takardun: in ta sami rabin adadi, an yi ɓata, in ta sami ɗaya da rabi, an yi maimai.

Amurka ta riga mu ɗanɗana kuɗar wannan. A 2006 Farfesa Mary-Claire King da abokan aikinta suka sake duba mutum 300 daga gidajen da sankara ta yi wa ɓarna, waɗanda duk an ce musu ba a ga komai ba. Sai ga 35 daga cikinsu, wato kashi 12 cikin 100, suna ɗauke da irin wannan ɓata ko maimai a BRCA1 ko BRCA2. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya ishi wane tsoron Allah.

Kada kuma mu ce ciwon Turawa ne. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya duba mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan, ya sami kusan kashi 11 cikin 100 da lalataccen BRCA1 ko BRCA2.

A nawa ganin, abu uku ya wajaba. Na farko, duk mai biyan kuɗin gwajin nan ya tambaya, kuma a rubuta masa, ko an haɗa da binciken ɓata da maimai. Na'urorin zamani suna iya yin duka biyun, amma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, matambayi kuwa ba ya ɓata. Na biyu, Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa, wato NICRAT, ta gindaya wannan a matsayin sharaɗi ga masu sayar da gwajin. Na uku, kada a miƙa wa kowa sakamako sai da ƙwararren da zai yi masa bayani a asirce, domin mun san yadda ƙaramar magana ke hana 'yan matan gida guda aure.

Daga ƙarshe, ko da cikakken gwaji ya ce babu komai, wadda sankara ta yawaita a danginta kada ta daina zuwa asibiti ana duba ta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.