Jami'o'i na ƙaruwa a Kano: Ina malaman, ina kuma ayyukan?

A watan Agustan 2025 ne gwamnatin tarayyar Najeriya ta ba da sanarwar dakatar da kafa sababbin jami'o'i, da kwalejojin fasaha, da na horar da malamai mallakarta, har na tsawon shekara bakwai.

Ministan ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya kafa hujja da cewa makarantun sun fi ƙarfin aljihun gwamnati, har ma akwai waɗanda ko ɗalibi ɗaya bai nemi shiga cikinsu ta hannun hukumar JAMB ba.

Sai dai a jihar Kano, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan 9, manyan jami'o'in gwamnati ba su taɓa rasa masu neman gurbi ba. Damuwar da ake da ita a nan ita ce ta malaman da za su koyar da ɗaliban, da kuma aikin da ɗaliban za su kama bayan sun kammala.

Daga ɗaya zuwa fiye da goma

Tarihin karatun jami'a a Kano ya faro ne a cikin birni. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS. A 1962 ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin jami'ar Zariya, kana a 1977 ta tsaya da ƙafarta a matsayin Jami'ar Bayero.

An shafe fiye da shekara ashirin ita kaɗai ce jami'a a jihar, kafin gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. A zangonsa na biyu kuma aka kafa Jami'ar Northwest a 2012, ta fara karatu a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa.

Daga 2018 'yan kasuwa suka shigo fagen. Jami'ar Skyline ce ta fara, sannan Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila suka samu lasisi a 2021, Khalifa Isyaku Rabi'u ta biyo baya a 2022, Azman kuma a 2023. An kuma ɗaga darajar Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Kabuga zuwa jami'a. A yau jami'o'in da ke jihar sun haura goma, ban da kwalejojin fasaha, da na aikin gona, da na shari'a, da na kiwon lafiya.

Gini ya fi malami sauƙin samu

Wani ɓangare na dalilin wannan bunƙasa yana cikin yadda ake samar da kuɗin manyan makarantu. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin ribar kamfanoni, yana gina ɗakunan lacca da na gwaje-gwaje a makarantun tarayya da na jihohi, yana kuma tura malamai ƙaro karatu. Amma ba ya biyan albashi.

Ke nan gwamnatin da ta kafa sabuwar makaranta tana iya sa ran gine-gine daga Abuja, alhali albashin kowane wata yana wuyanta. Gini kuwa ana yanke masa ƙyalle a gaban jama'a, shi kuwa malami sai ya shafe shekaru yana karatu kafin ya kai matsayin da zai duba aikin ɗaliban digiri na biyu da na uku.

Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a aikin injiniya, 10 kuma a likitanci. To amma kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya gano cewa malaman jami'o'in gwamnati a duk faɗin ƙasar ba su kai dubu 38 ba, kuma kimanin kashi 43 cikin ɗari ne kawai ke da digiri na uku.

Idan sabuwar jami'a ta buɗe a gari kamar Kano, daga cikin ƙwararrun da ake da su take ɗiba, ko dai ta ɗauke su ɗungurungum, ko ta gayyace su a matsayin malaman ziyara. Sai ka ga farfesa ɗaya yana zirga-zirga tsakanin makarantu biyu ko uku, sunansa na cike gurbi a takardun kowacce.

A jami'o'in tarayya, ƙungiyar malamai ta ASUU ta daɗe tana ƙorafin cewa tsarin biyan albashi na IPPIS ya ƙwace wa majalisun gudanarwa ikon ɗaukar ma'aikata, ta yadda malami zai yi ritaya ko ya tafi ƙetare ba a maye gurbinsa ba. Sai a watan Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da cire manyan makarantu daga tsarin. Kafin nan, yajin aikin wata tara a 2020, da na wata takwas a 2022, sun tsayar da karatu a Jami'ar Bayero da takwarorinta, suka bar jerin ɗaliban da aka ba gurbi suna zaman jira a gida.

Wa ke iya biya?

Ta fuskar ɗalibai kuwa, 2023 ta zo da gwaji mai tsanani. An janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, farashin komai ya tashi, jami'o'in tarayya da dama, ciki har da Bayero, suka ƙara kuɗin rajista.

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar da martani da rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jihar, ta kuma amince da naira miliyan 700 don biya wa 'yan asalin jihar kimanin dubu 7 kuɗin rajista a Bayero. Ita ma gwamnatin tarayya ta buɗe asusun lamunin ɗalibai na NELFUND a 2024.

Waɗannan matakai sun riƙe ɗalibai da dama a aji. Amma rage kuɗin makaranta yana rage abin da makarantar ke samu na kanta, kuma idan baitulmali bai cike giɓin a kan lokaci ba, ɗalibin da aka sauƙaƙa wa shiga zai tarar da aji cike maƙil da kuma ɗakin gwaji babu kayan aiki.

Akwai kuma batun inda ɗaliban ke karkata. Mafi rinjayen masu zana jarrabawar JAMB jami'a suke nema, su kuwa kwalejojin horar da malamai da na fasaha sai wanda ya rasa gurbi. Bambancin da aka daɗe ana nunawa tsakanin mai digiri da mai babbar difloma a wurin aiki na daga cikin dalilai. Abin lura shi ne, daga waɗannan kwalejoji da ake gudu ne ake samun malaman firamaren da jihar ke matuƙar buƙata, musamman tun da ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi a 2024.

Bayan an karɓi takarda

A shekarun 1970 mai shaidar karatu a Kano yana da ƙofofi biyu a buɗe: aikin gwamnati, da masana'antun Bompai da Sharaɗa. Daga tsakiyar shekarun 1980 masana'antun suka fara durƙushewa sakamakon faɗuwar darajar naira, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar kayan waje. Ita kuma gwamnati ba ta iya ɗaukar ko da wani ɗan kaso na waɗanda ake yayewa kowace shekara.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da ba na ofis ko kamfani mai rajista ba ne. A Kano, ma'anar wannan ita ce kasuwa.

Kasuwar Ƙofar Wambai, da ke bakin tsohuwar ganuwa, misali ce. Nan ake hada-hadar gwanjo, da robobi, da takalma da jakunkunan da dukawan birni ke ɗinkawa, fatake kuma na ɗibar kayan zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Ba sabon abu ba ne a Ƙofar Wambai, ko Kantin Kwari, a tarar da mai digiri yana tsaron shagon mahaifinsa ko na ubangidansa.

Babu abin kunya a ciki, domin da fatauci aka san Kano tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Abin dubawa shi ne ko shekaru huɗun da matashin ya yi a jami'a sun ƙara wa shagon wani abu. Manyan kamfanonin jima na Challawa suna fitar da fatar da suka gyara zuwa Turai da Asiya, inda ake mayar da ita takalma masu tsada, yayin da baduku a cikin birni ke fama da kayan aiki na hannu da rashin jari. Cibiyar tarayya da ta ƙware a kimiyyar fata kuwa tana Samaru, a Zariya.

Tsakanin ajin lacca da rumfar baduku akwai aiki mai yawa da ba a yi ba: zanen samfuri, da tsaftace ruwan jima, da riƙe lissafi, da neman kasuwa ta intanet.

Abin da za a zuba wa ido

Dakatarwar da Abuja ta yi ba ta magance ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da kanta ba, amma ta ba da sarari a sake lissafi. Ga iyayen da ke sayar da kadara don biyan rajista, ma'aunin shekaru masu zuwa shi ne adadin ƙwararrun malaman da aka ɗauka aka kuma riƙe, da yawan ɗaliban da ke gaban kowane malami, da kuma ko hukumomin makarantu za su zauna da shugabannin kasuwanni da masu sana'a kafin su buɗe sababbin kwasa-kwasai.