Sana'ar Wayarin a Gusau, Tsafe da Bungudu: Aiki ne na Bin Ƙa'ida

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, gine-gine ke ta ƙaruwa a Gusau da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, irin su Tsafe a kan hanyar Funtuwa da Bungudu a kan hanyar Sakkwato. Kowane sabon gida, shago, masallaci ko ɗakin shan magani yana buƙatar wanda zai ja masa waya. Ga kuma wutar sola da ta shiga ƙauyuka, musamman a rijiyoyin burtsatse da shagunan cajin waya, wadda ta ƙara buɗe wa matasa ƙofar neman halaliyarsu.

Sai dai ya kamata iyaye su fahimci cewa wannan sana'a ba ta mai gaggawa ba ce. Ta fi dacewa da yaro mai natsuwa, wanda idan aka shimfiɗa masa tsari zai bi shi daki-daki ba tare da ƙosawa ba. Wutar da ke shiga gidajenmu tana iya kashe mutum nan take, don haka kowane mataki yana da dokarsa: a kashe wuta a gwada kafin a taɓa waya, a yi amfani da waya mai lamba 1.5 wajen ƙwayayen fitila, mai 2.5 wajen soket, na'urar sanyaya ɗaki da abin dafa ruwa kuwa su samu mai kauri fiye da haka, sannan a kafa sandar tagulla cikin ƙasa domin ta janye wutar da ta kauce hanya. Wanda ya sa siririyar waya a inda mai kauri ta dace domin ya rage kuɗi, wayar za ta riƙa zafi har robar jikinta ta narke, kuma sau da yawa daga nan ne gobara ke tashi a kasuwa cikin dare, lokacin hunturu.

Matsalar da ake fuskanta ita ce yawancin masu wannan aiki a wajen ubangida suka koya. Hannunsu ya faɗa, amma ba su da takardar shaida. Alhali hanyoyin samunta a buɗe suke. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, akwai kuma ta hukumar NABTEB. Mai son zurfafa karatu yana iya neman difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara. Haka nan hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance ƙwarewar masu aikin wayarin, ta ba su shaida.

A nan ne jami'an ƙananan hukumomi ke da rawar takawa. Duk lokacin da za a ba da kwangilar wayarin a makaranta ko asibiti, ya dace a nemi ganin takardar mai aikin, a rubuta kaurin wayar a cikin yarjejeniya, kuma injiniya daga sashen ayyuka ya duba aikin tun kafin a rufe bututun waya da siminti, domin bayan an yi filasta babu mai iya ganin abin da ke cikin bango.