Ko Medisin, Ko Ba Komai?

A ɗakinmu na kwana mu shida ne, kuma huɗu daga ciki za su gaya maka cewa zaman jira suke yi a poli. Gangar jiki tana nan, ana shiga lakca ana rubuta tes, amma zuciya tana wajen JAMB ta baɗi. Ka tambaye su me za su cike, amsar ɗaya ce: Medisin. Ɗayanmu wannan karon ne zai zauna na uku. Ranar da na ce masa ko zai duba Radiyogirafi, tuntsirewa ya yi da dariya, ya ce, "Haba mutumina, duk wahalar nan in ƙare a mai ɗaukar hoto?"

Ban ji haushinsa ba, don bara war haka ni ma abin da zan faɗa ke nan. Abin da ya canza mini tunani hutun da ya wuce ne, lokacin da ƙanena ya faɗo daga kan babur, hannunsa ya kumbura wajen gwiwa. 'Yan uwa suka ce a kai shi wajen mai ɗori, Baba ya ce a'a, a fara ganin abin da ke ciki tukuna. A asibitin garinmu akwai na'urar hoton ƙashi, amma mai sarrafa ta mutum ɗaya ne, kuma ranar ba ya nan. Haka muka ɗauki shatar mota zuwa babban birnin jiha, yaro yana kuka duk ramin da muka faɗa. Can ma likita bai taɓa hannun da niyyar gyara ba sai da hoto ya fito. Wata baiwar Allah ce ta ɗauka. Na ga yadda ta lallaɓa yaron, ta ajiye hannun a kwance ta ɗauka, ta sake juya shi a gefe ta ɗauka, ni kuma ta ce in fita waje in ja ƙofa. A ranar na gane cewa ɗakin da nake rainawa shi kowa yake jira.

To ga abin da nake so in faɗa wa 'yan uwana masu shirin sake jarrabawa: Radiyogirafi kwas ne da ya cancanci mutum ya zaɓe shi da gangan, ido buɗe, tun ranar cike fom.

Kalmar "hoto" ce take yaudararmu. Hasken da ake amfani da shi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yana ratsa tsoka ya nuna ƙashi, kuma idan ya yi yawa yana iya lahanta ƙwayoyin halittar jiki. Don haka gwanintar ita ce a samu hoto mai kyau da mafi ƙarancin haske, kuma a karon farko, ba a yi ta maimaitawa a jikin mara lafiya ba. Shi ya sa ake tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a ɗauka. Kuma ba eksire kaɗai ba ne. Akwai CT mai nuna jiki yanka-yanka, akwai MRI mai aiki da maganaɗisu mai ƙarfin da ko makulli ba a shiga da shi ɗakin, akwai sikanin da iyayenmu mata suka sani, wanda da sauti yake aiki. Kowanne da iliminsa, kowanne da haɗarinsa idan ya faɗa hannun wanda bai sani ba.

A Najeriya karatun shekara biyar ne a jami'a, sai shekara ɗaya ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Akwai hukumar rajistar masu wannan sana'a, wadda aka kafa a 1987, kuma ita ke ba da lasisin aiki. Ba sai ka je kudu ba: ana yin kwas ɗin a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Darussan JAMB ɗin kuwa su ne dai waɗanda kake haddacewa don Medisin: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji.

Amma kar in zama dillali mai ɓoye aibin kaya. Wanda yake gudun Fiziks ya sani cewa a nan zai tarar da ita tana jiransa, ga kuma haddar sassan jiki, ƙashi bayan ƙashi. Gurbin ma ba a kwance yake ba, sai da maki mai kyau. Ba za a kira ka likita ba, domin akwai likitan da ya ƙware a fassara hotuna, aikinsa daban naka daban. In dai burinka shi ne dangi su riƙa cewa "ɗanmu dokta", to gaskiya wannan ba hanyarka ba ce. Akwai aikin dare, akwai ranar da wuta za ta ɗauke ko na'ura ta tsaya ga layin marasa lafiya suna kallonka. Mu 'yan poli kuma akwai lissafin shekaru: mai ND da yake tunanin shiga kai tsaye ba ta aji ɗaya ba, ya je ya karanta sharuɗɗan jami'ar da idonsa, don kowace da nata. Kar ya dogara da "an ce" na majalisar mai shayi.

Sai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, wai hasken yana kashe haihuwa. Ita ce take korar mata da yawa, har da maza ma. Ma'aikacin da aka horar ba ya tsayawa cikin hasken. Yana bayan kariya, akwai rigar dalma idan dole ta sa ya matso, kuma yana maƙale da ɗan ma'auni a ƙirjinsa da ke lissafa abin da jikinsa ya ɗauka. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda ya koyi danna maɓalli wata uku a wani shago, ya fito yana kiran kansa ƙwararre. Wannan yana cutar kansa, yana cutar jama'a, kuma ina roƙon duk ɗan poli da aka yi wa tayin irin wannan gajeriyar hanya ya ƙi.

'Yan uwa mata kuwa, ku ne ma na fi so ku ji wannan. Mun san garuruwanmu. Mace nawa ce take jinkirta zuwa sikanin, ko hoton nono, don ta ji namiji ne a ɗakin? Wata mijin ne zai hana, wata kunya ce. Duk macen da ta zauna a kujerar nan, akwai matan da saboda ita kaɗai za su zo asibiti da wuri.

Ina da shawara ga shugabannin ƙungiyarmu. Ranar 8 ga Nuwamba ce ranar wannan sana'a ta duniya, ranar da aka gano hasken. Me zai hana a gayyato ma'aikaci ɗaya daga asibitin koyarwa mafi kusa, ya zo babban ɗakin taro mu yi masa tambayoyi ba kunya, har da ta albashi? Kuɗin da ake kashewa a daren walima ɗaya ya isa ya ɗauki nauyin wannan har da ruwan sha.

Abokin ɗakina dai har yanzu yana kan bakansa, kuma ina yi masa fatan Allah Ya ba shi a wannan karon. Ni kam na gama shawara da Baba. Jiya da daddare ma na ciro tsohon littafina na Fiziks daga ƙasan akwati, na tarar gara ta cinye babin haske kusan rabi.