Filin Abin Hawa: Ɗan Ramin da Ya Cinye Akuya

A wannan wata filin ya leƙa Matameye, cikin ƙasar Kance, jihar Damagaram. Zancen na masu tsohon babur ne. A karkara babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai rake da gyaɗa kasuwa. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita. Shi ke bin sawun garke in ya yi nisa. In ya kwanta, gida duka ya kwanta.

Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, man kwalba da ke shigowa ta Ɗan Barto ya daina araha. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, wato dala 100 ba tamma ɗaya. Duk da haka kowane mai babur yana neman dabarar rage shan mai. Cikin dabarun nan akwai wadda ke kashe inji.

Abin da ya sami wani mai rake

Wani manomi na gefen Dungu yana da garkar rake da tsohon babur Yamaha da ya gada wurin wansa. Famfon baƙin mai na babur ɗin ya daɗe da mutuwa. Saboda haka cikin tanki yake gauraya baƙin mai da isansi. Babur ya shiga shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya.

Ran kasuwa ya ga wata ƴar leda wurin mai sayar da kayan babur. A ciki akwai ƴan ƙarafa ruwan zinariya, da allura, da robobi. Aka ce masa sabon kayan karbirato ne, in an sa ƙaramin jiklar babur zai rage shan mai. Ya saya. Wani yaro mai koyon aiki ya ɗaura masa nan take.

Mako biyu yana murna, don shan mai ya ragu da gaske. Sai dai inji yana zafi, kuma in ya ba shi wuta sai ya yi kamar zai shaƙe. Bai kula ba. Wata safiya cikin sanyin hunturu ya ɗaure rake, ya kama hanyar rairayi. Bai kai gari ba inji ya yi ƙara, ya cije. Da amalanken shanu aka kawo babur da rake, bayan kasuwa ta fara watsewa.

Wani tsohon makanike ya buɗe inji. Fistan ya ƙone, ya kankare cikin silinda. Ya ɗaga jiklar ɗin a rana ya duba, ya ce:

"Ƙanena, wa ya sa maka wannan?"

"Wallahi Baba, don in rage shan mai ne."

"To, ka rage wa doki hatsi, ka ƙara masa kaya. Kawo tsohon da aka cire."

Tsohon jiklar ba shi da laifin kome. Laifin yana wuri biyu: soson matatar iska ya toshe da ƙura, allurar da ke tsayar da mai kuma ta cinye, mai yana ta yoyo. Gyaran ɗan kuɗi ne. Amma yanzu sai da manomi ya sayar da akuya kafin a gyara silinda a sa sabon fistan. Garin neman gira an rasa ido.

Mene ne aikin karbirato?

Karbirato, wanda mutanen Daura da Kano ke kira kafireta, shi ne ƙwaryar da ake dama wa inji fura. Inji ba ya ƙona mai zalla, sai an gauraya shi da iska. In an auna da nauyi, awo 1 na mai yana son awo 15 na iska, ko kusa da haka. Lita 1 ta isansi tana cin iska wajen lita 9000, wato cikin tano 45. In furar ta yi kauri, mai ya yi yawa ke nan: inji ya yi nauyi, ya yi baƙin hayaƙi. In ta yi tsararo, mai ya yi kaɗan: inji ya yi zafi har ya ƙone.

Abubuwa huɗu ke auna man:

Na ɗaya, ƙaramin jiklar. Shi ke ciyar da inji in babur yana tsaye yana aiki, da lokacin da aka murɗa totur kaɗan.

Na biyu, doguwar allura. Ita ke aiki a tsakiyar totur, wurin da ake yawan tafiya. A babura da yawa kanta yana da ƴan tsage-tsage da ɗan maƙalli. In an sa maƙallin a tsagin sama, allura ta sauka, mai ya ragu. In an sa shi ƙasa, mai ya ƙaru.

Na uku, babban jiklar. Shi ke aiki in an murɗa totur sosai, kamar cikin rairayi ko da kaya mai nauyi.

Na huɗu, ɗan tulun da ke yawo bisa mai cikin kwanon karbirato, tare da ƴar allurarsa. In kwano ya cika, su ke rufe ƙofar mai.

Lambar da ke jikin jiklar

Kowane jiklar yana da lamba a jikinsa, ƴar mitsitsiya. Lamba babba, rami babba. A kan jiklar na kamfanin Keihin, wanda aka fi gani a Honda, lamba 100 tana nufin rami mai faɗin milimita 1. Tsakanin lamba 100 da 95 ido ba ya ganin bambanci, amma inji yana ji. Kamfanin Mikuni, wanda aka fi gani a Yamaha da Suzuki, yana da nasa lissafi daban. Saboda haka 100 na wannan ba lalle ne ya zama 100 na wancan ba. Kayan araha kuwa wani lokaci lambar da ke rubuce ba ta dace da ramin ba. Araha ba ta ado.

Nan ne wanda ya iya karanta lamba ya tsere wa wanda bai iya ba. Kafin a cire jiklar, a karanta lambarsa, a rubuta cikin littafi, a rubuta tsagin da maƙallin allura yake.

Buji ba ya ƙarya

Buji, ko fulogi, shi ne mai ba da shaida. A yi tafiya mai ɗan nisa, a kashe inji, a bari ya huce, a kwance buji a duba bakinsa.

In ya yi launin toyayyar gyaɗa, damun ya yi daidai. A bar karbirato ya huta.

In ya yi baƙi, busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. A fara duba matatar iska da cok.

In ya yi fari fat kamar toka, mai ya yi kaɗan. Wannan shi ne haɗari. Kada a ci gaba da tafiya a haka.

In ya yi baƙi, jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne ke hawa. A inji mai shan isansi zalla, yawanci zobban fistan ne suka cinye. Sabon jiklar ba ya maganin wannan.

Masu gauraya baƙin mai cikin tanki su yi hattara ƙwarai. Ta ramin jiklar ne isansi da baƙin mai ke wucewa tare. Wanda ya rage ramin ya rage wa inji abinci, ya kuma rage masa maiƙon da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. A lokacin hunturu iska ta fi nauyi, damun sai ya ƙara tsararo. Shi ya sa injin mai rake ya cije da sanyin safiya, ba da zafin bazara ba.

Yaushe sabon kaya ke da amfani?

Ba a ce kayan cikin leda duka banza ne ba. Tsohon babur yana bukatarsu in doguwar allura ta side, ko ramin da take shiga ya buɗe, ko allurar kwano tana yoyo, ko roba ta tsage, ko wani ya taɓa zungurar jiklar da waya. A irin wannan hali a sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon.

Canza lamba kuwa sai in an canza wani abu a jikin inji, kamar salansa ko matatar iska. Shi ma taki ɗaya ake yi, a gwada, a duba buji. Ba a canza abu biyu rana ɗaya, don kada a rasa wanda ya yi gyara da wanda ya yi ɓarna.

Abin da mai babur zai riƙe

1. In babur yana shan mai, a fara da matatar iska. Ta soso a wanke ta, ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi ko a canza. Lokacin ƙura a riƙa duba ta kowane mako.

2. Kada a yi tafiya ba matata. Rairayi yana cin fistan kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

3. Man kwalba a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

4. Jiklar ƙarfe ne mai laushi. Kada a zungure shi da allurar ɗinki ko wayar birki. A jiƙa shi cikin isansi, a hura shi da famfon taya.

5. In za a saya sabo, a tafi kasuwa da tsohon a hannu. A gwada lamba, da tsawo, da zaren sukuru.

6. Kada a yar da tsohon. A ɗaure shi cikin tsumma a adana.

7. Da dare a rufe famfon tanki.

8. Ba a buɗe karbirato kusa da murhu, ko fitila, ko mai shan taba. A kori yara daga wurin.

Mai raken nan ya koma aikinsa. Tsohon jiklarsa aka mayar, aka wanke soso, aka sa sabuwar allurar kwano. Babur ya daina yoyo, shan mai ya ragu. Akuya ce dai ba ta dawo ba. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa mai babur, tun bai kai tasa kasuwa ba. Mai tambaya ba ya ɓata.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai yi zancen sarƙar babur da rairayi.