Wanda Ya Mallaki Iri, Shi Ya Mallaki Cikinka

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, lokaci ya yi da za mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun iya zanga-zanga a kan tsadar abinci, amma ba mu taɓa tambayar a hannun wa irin shuka yake ba.

Tun kaka da kakanni manomin ƙasar Hausa ba ya sayen iri. Da kaka yakan zaɓi zangarniya mafi ƙoshi ya adana. Wanda nasa ya ƙare, maƙwabci ko suruki ya auna masa, in ya girbe ya mayar. Ta haka kaura da farfara da maiwa suka iso gare mu. Gero ya nuna da wuri ya kori yunwar damina, kanannado ya ba mutum wake, ya ba dabba harawa. Wannan ilmi ne, ko da masu shi ba su da digiri.

To, me 'yan boko suka yi da wannan gado? Bayan farin 1973 aka kawo shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, aka biyo da na Juyin Noma a 1980, duk ana kallon irin talaka a matsayin ci-baya. A 2021 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba mai ƙirƙiro sabon iri ikon mallakarsa. Ina dokar da ta kare tsohuwar da ta shekara arba'in tana adana irin kuɓewa a ƙwarya?

Ba ma ƙin binciken masana na Samaru. Abin da muke ƙi shi ne a mai da manomi ɗan amshin shatan 'yan jari-hujja. Masara mai aure ba ta sake irin yabanyarta in an shuka 'ya'yanta, dole baɗi a koma kanti. Ranar da aljihu ya bushe fa? Kayan aro ba ya rufe katara.

Turawan da muke kwaikwayo sun haƙa dutse a Svalbard ta ƙasar Norway, tun 2008 suke tara irin duniya. 

Saboda haka, a hutun nan kowa ya koma garinsu da littafi da alƙalami. A rubuta sunan kowane iri daga bakin dattawa. A kafa rumbun iri na gayya, inda mai ɗiban mudu zai mayar da biyu. Al'ummar da take sayen irinta, 'yancinta na tuta ne kawai.