ArcelorMittal: Kamfanin da Ya Girma da Sayen Matattun Masana'antu, da Abin da Ya Shafi Ajaokuta

Duk lokacin da gwamnati ta ce tana neman masu zuba jari daga waje su tayar da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, sai ka ji wasu na cewa a miƙa wa baƙi kawai a huta. Maganar ta shafe mu, domin 'yan uwanmu da yawa a Legas, Fatakwal da Warri da harkar tsofaffin ƙarafa suke ci. Ni dai ina ganin kafin mu yanke hukunci, gara mu dubi tarihin kamfanin da ya fi kowa ƙwarewa a irin wannan ciniki, wato ArcelorMittal.

Mai kamfanin, Lakshmi Mittal, ɗan Indiya ne da aka haifa a 1950. A 1976 ya buɗe masana'antarsa ta farko a Indonesiya. Daga baya sai ya gano wata hanya: maimakon gina sabuwa, ya nemi masana'antar gwamnati da ta durƙushe, ya karɓe ta da araha, ya rage kashe kuɗi, ya mayar da ita mai riba. Haka ya yi a Trinidad a 1989, da Meziko a 1992, da Kazakistan a 1995. Duk wanda ya tashi a kara ya san wannan dabarar. Ana sayen ramammiyar saniya da rani lokacin da mai ita ya matsu, a yi mata kiwo, a sayar idan ta yi ƙiba.

A 2004 ya haɗa kamfanoninsa suka zama Mittal Steel, a 2005 kuma ya kammala sayen International Steel Group na Amurka. A Janairun 2006 ya taya Arcelor, babban kamfanin Turai da aka kafa a 2002 daga haɗakar kamfanoni uku na Faransa, Sifaniya da Luksamburg. Shugabannin Arcelor suka ƙi, har suka nemi haɗewa da Severstal na Rasha don su kauce masa. Mittal ya ƙara kuɗi, a watan Yuni aka sallama masa a kan sama da dala biliyan 30. Haka aka haifi ArcelorMittal, wanda a lokacin yake samar da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfen duniya. Sai a 2020 Baowu na Sin ya sha gabansa.

To amma ɗan kasuwa ba ya riƙe saniyar da ke cin dusa ba ta ƙiba. A 2016 kamfanin ya rufe masana'antar Trinidad, ma'aikata sama da 600 suka rasa aiki. A 2020 ya sayar da yawancin harkarsa ta Amurka ga Cleveland-Cliffs. A Oktoban 2023 gobara a mahaƙar kwal ta Kostenko a Kazakistan ta kashe mutum 46, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta karɓe harkar. A Janairun 2025 reshensa na Afirka ta Kudu ya sanar da shirin rufe sashen da ke yin rodi da makamantansa, inda ayyuka kusan 3,500 suka shiga haɗari. Cikin dalilan da ya bayar akwai tsadar wutar lantarki da sufurin jirgin ƙasa. Ku lura da waɗannan biyun, su ne ciwonmu a Najeriya.

Laberiya ce ta nuna abin da gwamnati za ta iya yi. A 2005 gwamnatin riƙon ƙwarya ta ba Mittal damar haƙar tama a yankin Nimba. Da Ellen Johnson Sirleaf ta hau mulki sai ta ce a sake zama. A 2006 aka gyara yarjejeniyar, layin dogo da tashar ruwa ta Buchanan suka ci gaba da zama mallakar ƙasa. Kamfanin bai gudu ba, a 2011 ya fara fitar da tama.

Mu kuma fa? Mutane kan haɗa sunayen, amma ba ArcelorMittal aka ba Ajaokuta a 2004 ba. Kamfanin ƙanensa ne, Pramod Mittal, mai suna Global Infrastructure, wanda ya karɓi Delta Steel na Aladja ma. Gwamnatin marigayi 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar Ajaokuta a 2008, aka shiga shari'a shekara da shekaru, a 2022 Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a rabu lafiya. Kuɗi sun tafi, babbar tanderun narka tama kuwa har yau ba a kunna ta ba.

Saboda haka idan aka sake sanar da sabon mai zuba jari, kada mu tsaya a kan sunansa ko ƙasarsa. Mu tambaya: nawa ya yi alkawarin zubawa, kuma cikin shekara nawa? Wa zai mallaki layin dogon Itakpe zuwa Warri? Me zai biya idan ya tattara ya tafi? Kuma a fito da takardar kowa ya karanta. Baƙo riba ta kawo shi, wannan ba laifi ba ne. Aikin kare dukiyar ƙasa yana wuyan wanda ya sa hannu a madadinmu.