Waken Samaru Da Manomin Jega: Ina Binciken Ya Kai?

Duk manomin da ya taɓa shuka wake a ƙasar Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya san irin baƙin cikin da kan same shi sa'ad da gona ta yi fure gwanin sha'awa, amma da aka zo roro sai a tarar kwasfa duk huji, ciki kuwa babu ƙwaya. Abin da ke wannan ɓarna wata tsutsa ce da masana ke kira maruka, wadda kan shige cikin fure da ɗanyar kwasfa ta ɓuya, inda maganin feshi ba ya cika isa gare ta. A shekarar da ta yi ƙamari takan cinye har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Ga shi kuwa Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, amma duk da haka sai ta ciko daga maƙwabta, musamman Jamhuriyar Nijar.

Wannan tsutsa ce Shaihun Malami Mohammad Faguji Ishiyaku, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya shafe fiye da shekara goma yana yaƙi da ita. Tun da fari masanan Cibiyar IITA ta Ibadan sun gwada irin wake kimanin 15,000, ba su sami wanda ke iya kare kansa daga tsutsar sosai ba. Watau hanyar da aka saba ta haɗa auren iri da iri ta toshe, sai aka koma ga ilmin ƙwayoyin halitta.

A cikin ƙasa akwai wata ƙwayar bakteriya, ana ce da ita Bt a taƙaice, wadda ke yin wani sinadari mai lalata hanjin tsutsotsi irin maruka. Ƙwayar halittar da ke sa ta yin sinadarin ita aka ciro aka dasa a jikin wake, har ya zamana tsiron da kansa yake yin makaminsa.

To, amma fa ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a nan ne abin lura yake. Kamfanin Monsanto na Amurka, wanda Bayer ya saye a 2018, shi ya ba da ƙwayar halittar ba tare da neman kuɗin mallaka ba. Dasa ta cikin wake, wanda ya daɗe yana gagarar masana, an yi shi ne a cibiyar CSIRO ta Ostareliya a ƙarƙashin Dokta T. J. Higgins. Gidauniyar AATF da ke Nairobi ta haɗa kan ɓangarorin, hukumar USAID ta ba da kuɗi. Aikin da ya faɗo wa Samaru shi ne wanda ya fi cin lokaci: gwaji a killatacciyar gona tun daga 2009, da kuma juye wannan hali cikin irin SAMPEA 10 wanda ya riga ya dace da ƙasarmu, kuma yana jure wa wuta-wuta. Hukumar NBMA mai kula da lafiyar irin waɗannan tsirrai ta amince a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T a Disamban shekarar, aka ƙaddamar da shi a Kano a Yunin 2021. Ghana ta bi sahu da nata irin a 2024.

A jami'o'i akan auna malami da yawan takardun da ya buga da yawan waɗanda suka ambace shi. Manomin Maiyama ba ruwansa da wannan awo. Abin da ya dame shi shi ne ko feshi zai ragu, kuma bisa ga gwajin da aka yi, mai feshi sau shida zuwa takwas a damina zai iya komawa sau biyu. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mutumin da kan goya tankin feshi da rana tsaka ba safar hannu ba abin rufe hanci.

Sai dai akwai abin da ya kamata malaman gona su riƙa faɗa ba ɓoye-ɓoye. Sabon irin maganin maruka kawai yake yi. Sauran ƙwarin da ke tsotsar fure da kwasfa suna nan, dalilin feshi biyun nan ke nan. Haka kuma ba ya hana ƙwari huda wake a rumbu ko a shagon ɗan kasuwa a Jega. Maganin da wasu ke zuba wa wake a ajiya shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma abin da ke raba mutum da wannan shi ne buhun PICS mai ninki uku na Jami'ar Purdue, ba sabon iri ba. Manomin da aka yi wa alkawarin da ya wuce gaskiya, in ya ga ƙwari a buhunsa, ba zai sake sauraron malamin gona ba.

Masu adawa ma ba su yi shiru ba. Ƙungiyoyi irin su HOMEF suna cewa ba a yi isasshen bincike kan lafiya ba, kuma a 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a binciki shigowar irin waɗannan tsirrai. Tsoron da ya fi yawo a kasuwa, wai irin ba ya tsirowa in an ajiye shi an sake shukawa, ba shi da tushe ga wannan wake. Amma wa zai bayyana haka da Hausa a bakin kasuwa, in masanan suna Samaru da Abuja?

Wani abin damuwa kuma shi ne kuɗi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, watau ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan haɗin gwiwa ya faɗi. Tsutsa kuwa tana iya sabawa da sinadari guda in an daɗe, shi ya sa ake buƙatar masu sa ido a gonaki kowace damina. Jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006 tana tsakiyar manoman nan. Ita ya fi dacewa ta ƙulla yarjejeniya da Samaru, ta buɗe gonakin gwaji a Jega da Maiyama, ta kuma horar da ɗalibai su riƙa auna yadda tsutsar ke canzawa, gwamnatin jiha kuwa ta sa kuɗin wannan aiki cikin kasafinta.